Sauraren Labarin Kasuwa Kullum: Gadon da Muka Taras a Ƙoƙi



An nemi in yi magana a kan amfanin bin labarin kasuwanci kowace rana. Ni ba masanin tattalin arziki ba ne. Abin da zan faɗa na tsince shi ne a zauren gidanmu a Ƙoƙi, da kuma wata asara da na tafka da hannuna.

Duk wanda ya tashi a Ƙoƙi ya san unguwar fatake ce. Muna yara, in an idar da sallar Asuba aka gaisa, abin da dattawa ke fara tambayar juna shi ne: yaya goro ya kwana, nawa gyaɗa ta kai? Sun gaji wannan daga iyayensu masu bin ayari zuwa Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, waɗanda suka riga jin cewa Turawa na neman gyaɗa ido rufe su ne suka ci kasuwar. Cikinsu akwai marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, an ce raƙumi ashirin na kuɗin azurfa ya kai ajiya. Dukiyar nan da jin labari a kan lokaci aka fara tara ta.

To, yau goro da gyaɗar sun zama man fetur, dala da hannun jari. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka ba da sanarwar cire tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. A watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dubi yadda abin ke bin juna: mai ya tashi, kuɗin mota ya tashi, buhun da aka ɗauko daga Dawanau ya ƙara kuɗi, mai shago a Singa ya ƙara nasa, uwargida ta ga cefane ya ragu. Wanda ke sauraren labari ya san an daɗe ana maganar cire tallafin, ya kimtsa. Wanda ba ya saurare, sai dai ya wayi gari ya ga jarinsa ya zaizaye.

Ita kuwa kasuwar hannun jari, ba baƙuwa ba ce. An kafa ta a Legas a 1960, aka buɗe reshenta a Kano a 1989. Ma'anarta mai sauƙi ce: ka sayi wani yanki na kamfani, in ya ci riba a ba ka rabonka, in ya faɗi ku faɗi tare. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda mahaifiyarsa jikar Alhassan Ɗantata ce, ya shigar da kamfanin simintinsa wannan kasuwa a 2010. Wanda kuma ke gudun riba ta haram, akwai takardun sukuk da Gwamnatin Tarayya ta fara sayarwa a 2017.

Yanzu ga tawa asarar. A 2007 kowa na maganar hannun jarin bankuna. Na sayar da filina na zuba kuɗin duka a wani banki, ban taɓa duba lissafinsa ba, don kawai wani aboki ya ce kullum tashi yake. A watan Maris na 2008 kasuwa ta fara gangarowa. Jaridu suna ta rubutawa, ni kuwa shafin ƙwallo nake karantawa. Kafin in farga, abin da ya rage bai isa sayen rabin filin ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Da na kai wa mahaifina kuka, Allah Ya jiƙansa, cewa ya yi: "Mu ba mu taɓa sayen huhun goro ba mu buɗe shi ba."

Saboda haka, shawarata uku ce. Na ɗaya, kowa ya ware minti goma kullum ya ji farashin gangar ɗanyen mai, da canjin dala, da na kayan abinci, a rediyo ko a waya. Na biyu, kada ka zuba kuɗi a abin da ba ka gane ba, kuma kada ka zuba duka wuri guda. Ka tambayi dillali mai rajista, matambayi ba ya ɓata. Waɗanda suka shiga MMM a 2016 shaida ne. Na uku, ina roƙon wannan ƙungiya ta riƙa saya wa ɗakin karatun makaranta jarida, a sami malami guda ya riƙa bin shafin kasuwanci da ɗalibai ko da sau ɗaya a mako. Ni na ɗauki nauyin kuɗin zangon farko.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa albarka a nemanmu.