Thanos, Dune da Kogin Haɗejiya: Me Ya Sa Muke Tada Jijiyar Wuya a Kan Fim?

 Waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, ga shi mun rubuta muku kamar yadda muka saba.

Bari in fara da abin da ya faru a majalisarmu. Wani dare bayan Isha muna zaune wajen mai shayi nan cikin Haɗejiya, sai gardama ta ɓarke tsakanin abokaina biyu. Na ɗauka zancen Messi da Ronaldo ne ya dawo, ashe a kan Thanos ake. Wanda bai kalli Avengers: Infinity War na 2018 ba, Thanos shi ne mugun fim ɗin. Ya ce halittu sun yi yawa, abinci ba zai isa ba, don haka ya ƙyasta yatsu ya shafe rabin masu rai. To, ɗaya ya kafe wai Thanos yana da gaskiya, ɗayan ya ce azzalumi ne kawai. Murya ta ɗaga, har wani ya ture benci. Mai shayi ya ce, "Samari, ku biya ni kuɗin shayina tukuna, sannan ku raba duniyar biyu."

Mun yi dariya, amma ni da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Mutum biyu masu hankali, kowa da digirinsa, suna neman ɓatawa a kan mutumin da aka zana da kwamfuta. Me ya kawo haka?

Amsar tana cikin gidajensu. Mai goyon bayan Thanos ɗan masunci ne. Ya taso yana jin mahaifinsa yana ba da labarin lokacin da ake cika kwalekwale da kifi, yau kuma masu kama kifin sun fi kifin yawa. Shi idan aka ce jama'a ta yi yawa, ba fim yake gani ba, tukunyar gidansu yake gani. Ɗayan kuwa ɗan manomin shinkafa ne, ambaliyar 2022 ta cinye musu gona ta rushe musu ɗaki. Ga abin da ya faɗa a daren nan: "A fim ne ake cewa ƙuri'a za a yi, ba ruwan mai kuɗi ba ruwan talaka. A duniya in za a rage mutane, kai ma ka san da su wa ake farawa." Kun ga kowannensu rayuwarsa yake karewa. Fim ɗin ya ba su suna ne kawai da za su laƙaba wa abin da ke cin su.

Wannan shi ne dalili na farko. Fim ɗin almarar kimiyya yakan ɗauki tsoron da muke da shi yau, ya kai shi wata duniya, ya faɗaɗa shi har kowa ya gani. Idan kana musu a kansa, a kan gobenka kake musu.

Amma fa lissafin Thanos bai yi daidai da kogin namu ba. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa kuma a 1992, dukkansu a jihar Kano, a kan kogunan da suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya. Kafin nan ruwa yana zuwa da damina ya malale fadama, sannan ya janye. Masunci ya yi nasa, manomi ya shuka a damshin da ruwa ya bari, makiyayi ya shigo da shanu bayan girbi. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, hanyoyin da suke bushewa da rani suka daina bushewa, kachala ta samu wurin zama. Ita ce ta toshe magudanai, yashi da laka suka taru, ruwa ya riƙa bin inda ba a so. Wani ƙauyen yana nutsewa, wani yana neman ruwan ban-ruwa. Ko da za a kwashe rabin mutanen Auyo da Guri da Kirikasamma, kachala tana nan daram. Matsalar rabon ruwa ce da kula da hanyarsa.

Dalili na biyu shi ne, a cikin waɗannan finafinai muna neman fuskarmu. Ku tuna surutun da aka yi da Dune kashi na biyu ya fito a 2024. Duniya ce ta hamada zalla, mutanenta, Fremen, suna sa wata riga mai tattara gumin jikinsu ta mayar da shi ruwan sha. A wurinsu tofa yawu a gabanka girmamawa ce, don mutum ya ba ka ruwan jikinsa. Duk wanda ya taɓa bin layin rijiya a watan Afrilu ya fahimci wannan ba sai an fassara masa ba. Sai kuma ga kalmomi irin su Mahdi da Lisan al-Gaib. Nan aka rabu biyu. Wasu suka ce an karrama al'adun mutanen sahara, wasu suka ce an ari kayanmu ne aka ɗora baƙo ɗan sarauta ya zama mai ceto. Duk ɓangarorin biyu suna da hujja. Abin da da yawa ba su lura ba shi ne, Frank Herbert, wanda ya fitar da littafin a 1965, gargaɗi yake yi a kan bin gwarzo ido rufe. To mu fa? Duk kakar zaɓe sai mu naɗa wani ya zama wanda zai kawo ƙarshen ambaliya, mu yi faɗa da juna a kansa, damina ta zo ta same mu inda ta bar mu.

Dalili na uku yana da ɗan haɗari. Waɗannan finafinai suna magana da yaren kimiyya, saboda haka mai musu yana jin kamar ilimi yake karewa. Misali fim ɗin Indiya 2.0 na 2018, wanda Rajinikanth ya sake fitowa a matsayin mutum-mutumin nan Chitti. Labarin ya ginu ne a kan cewa turakun waya suna kashe tsuntsaye. Na sha jin matasa suna kafa hujja da shi kamar sakamakon bincike, kuma irin wannan tunanin ne ya sa a 2020 wasu suka yarda wai 5G ke kawo korona. Alhali ga Baturiya nan kusa da mu, dausayin da aka saka cikin jerin Ramsar na duniya a 2008, inda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai suna cin rani. Abin da ke barazana ga irin wannan wuri a fili yake: sare itatuwa, farauta da canjin yadda ruwa ke zuwa. Fim zai iya sa ka damu da tsuntsu, amma sai ka je ka duba kafin ka san mai kashe shi.

Kada wani ya ce mini wannan duk harkar Turawa da Indiyawa ce. A 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya da Hausa, labarin yaron da aka ɗauka aka yi yawo da shi a sararin samaniya. Sama da shekara hamsin ke nan. Yau muna da waya a hannu, muna da marubuta cike da Facebook da WhatsApp, amma wa ya rubuta mana yadda Haɗejiya za ta kasance a 2070? Kogin zai kasance? Wa zai riƙe makullin ruwan? Kachala za ta zama bala'i ko za a mayar da ita gawayi da taki?

Ni ban ce a daina musu ba. Wanda yake musu a kan gobe, alama ce bai fid da rai ba. Roƙona shi ne, wanda ya iya haddace sunayen duwatsu shida na Thanos, ya san sunan dam biyu da ke saman garinsu. Ya san akwai hukumar kula da kogunan Haɗejiya da Jama'are, kuma yana da ikon tambayar ta da kansila da ɗan majalisarsa yaushe za a yashe magudanai kafin damina. In an kira aikin gayya na cire kachala, ya fito.

Abokan nan nawa kuwa sun shirya, har yanzu benci ɗaya suke zama. Sai dai ɗan masuncin bai janye ba, ya ce dai ya rage wa Thanos maki. Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.