Taura Biyu: Jawabi Kan Haɗa Aiki da Wata Sana'a

Wannan jawabi an shirya shi ne domin ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo.



Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Amma a ƙasar Ƙaraye da Rogo da wuya a sami magidanci mai sana'a ɗaya tak. Manomi ne da damina, tela ne ko maƙeri da rani. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992, wasu sun ƙara da noman rani da su. Yanzu kuma samari sun shigo da gyaran waya da aikin kwamfuta. To, yaya mutum zai riƙe biyu, ɗaya ba ta kashe ɗaya ba?

Akwai darasi a wurin masu ƙirƙiro wasannin kwamfuta, irin waɗanda yara ke bugawa a waya. Ba manyan kamfanoni kaɗai ke yin su ba. Wani lokaci mutum ɗaya ne, ko abokai uku, a ɗaki guda. Ko a nan Nijeriya akwai irinsu, kamar Maliyo Games da aka kafa a Legas a 2012. Matsalar sana'ar ita ce sau da yawa wasa ba ya kawo ko kwabo sai an gama shi, ga shi ciki ba ya jira.

A Amurka, wani saurayi mai suna Eric Barone ya yi fiye da shekara 4 yana haɗa wani wasa shi kaɗai. Sunan wasan Stardew Valley, kuma labarin noma ne: a shuka, a yi ban-ruwa, a girbe, a kai kasuwa. A wannan lokaci yana ɗan aiki a gidan kallo, yana nuna wa mutane wurin zama. Wasan ya fito a 2016, kuma cikin wata 2 aka sayi fiye da miliyan 1.

A ƙasar Suwidin, Markus Persson ya fara wasan Minecraft a 2009 yana ma'aikacin wani kamfani. Bai bar aikin ba sai a 2010, bayan wasan ya fara kawo kuɗi.

Amma kada labarin nan ya ruɗi kowa. Masu irin wannan sana'a da yawa sun sha wahala ba su mayar da ko uwar kuɗi ba. Wanda ya riƙe aikinsa, ko ya faɗi yana da abin ci. Wanda ya saki reshe ya kama ganye, shi da iyalinsa ne za su ji jiki.

Saboda haka ga shawarwari 5.

1. A raba lokaci. Shuka da noman farko ba sa jiran kowa. Idan ruwa ya sauka, gona ce gaba. Ƙaramar sana'a ta koma yamma ko rani.

2. A raba kuɗi. Kada a sayar da iri ko kuɗin taki a zuba a sabuwar sana'a. A nan karatu zai yi rana. A sami littafi 2, kowace sana'a da nata. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

3. A riƙe amana. Yaron shago ko ma'aikacin ƙaramar hukuma kada ya yi aikin kansa a lokacin maigida, ko da kayan maigida. Idan ana son aron keken ɗinki ko inji, a nemi izini.

4. A rubuta yarjejeniya. Idan abokai sun haɗa jari, a rubuta abin da kowa ya kawo, da aikin kowa, da yadda za a raba riba. A sa hannu gaban shaidu. Rashin yin haka ya raba 'yan'uwa da yawa.

5. A bar wa jiki da iyali haƙƙinsu. Mai aikin rana da dare ba hutu, kuɗin magani zai cinye ribarsa.

Yaushe ne ya dace mutum ya bar tsohon aiki? Sai littafinsa ya nuna sabuwar sana'a ta ciyar da gida damina da rani, shekara guda cur. Kafin nan a yi haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa.

Mata masu ƙuli-ƙuli ko saƙa a cikin gida, su ma wannan magana ta shafe su. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah ya sa albarka a nema, amin.