ƘARI A CIKIN ZUCIYA: KAMA DA WANE BA TA WANE



Jawabina na yau a kan wata cuta ne wadda ba a cika jin labarinta ba, wato ƙarin da ke fitowa a cikin zuciya. Iri biyu ne. Akwai wanda ke tsirowa a zuciyar kanta. Wannan ba shi da yawa, kuma wajen kashi 75 cikin 100 nasa ba ciwon daji ba ne. Wanda aka fi samu a jikin manya shi ne miksoma, wani tsiro mai laushi da yakan rataya a ɗakin sama na hagu na zuciya. Iri na biyu kuwa ciwon daji ne da ya taso daga huhu ko nono ko fata ko jini, ya yaɗu har ya kai zuciya. Wannan ya ninka na farko yawa fiye da sau 20.

Haɗarin abin shi ne yakan shigo da rigar cututtukan da muka saba da su. Idan ya kawo zazzaɓi da rama, sai a ce taifot ne. Idan ya tare hanyar jini, ya kawo haki da kumburin ƙafa, sai a ɗora wa hawan jini. Idan ruwa ya taru kewaye da zuciya, sai a zargi tarin fuka. Wani kuma yakan suma da zarar ya sauya kwanciya. Wani lokaci ɗan gutsuren tsiron ne zai ɓalle, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa, sai a ga saurayi lafiyayye ɓarin jikinsa ya shanye.

Abin da ke tona asirinsa shi ne hoton zuciya da ake kira eko, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, ba yanka ba allura. Daga nan likita kan nemi hoton CT ko MRI don tabbatarwa. Miksoma kuma yana da magani. Tun 1954 Dokta Clarence Crafoord ya cire shi ta hanyar tiyata a ƙasar Suwidin, mai jinyar ta warke.

Saboda haka, jama'a, idan wani namu ya sha magani wata da watanni babu sauƙi, kada a tsaya ga kemis. A kai shi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko nan Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a nemi ganin likitan zuciya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.