Riƙon yaro daga nesa: hoton na mutum ɗaya, kuɗin na wa?



Bahaushe ya san riƙo tun kaka da kakanni. Idan mutum ya ɗauki ɗan ɗan'uwansa, yaron yakan koma gidansa, ya ci abin da ɗiyan gida ke ci, idan kuma aka cuce shi dangi na gani, maƙwabta na gani. To, akwai wani riƙon da ake yi daga ƙetaren teku. Ma'aikaci a Faransa ko Jamus ko Amurka yakan zaɓi hoton yaro na wani ƙauyen Afirka, kowane wata banki ya cire masa kamar Yuro 30, wato kusan jika 20 na sefa, ƙungiyar agaji kuma ta riƙa kai masa wasiƙar yaron da sabon hotonsa. Galibi mai riƙo bai taɓa ganin yaron ba, iyayen yaron ba su taɓa ganin mai riƙo ba. Ƙungiyar ce kaɗai ido da kunnen kowane ɓangare, saboda haka dukan al'amarin ya rataya ga gaskiyarta.

Wannan tsari yaƙi ne ya haife shi. A shekarar 1937, lokacin yaƙin basasar Spaniya, ɗan jaridar Ingila John Langdon-Davies da abokin aikinsa Eric Muggeridge suka kafa ƙungiyar da ta zama Plan International, domin yaran da yaƙi ya raba da iyayensu. Bayan yaƙin Koriya, World Vision, wadda aka kafa a 1950, ta bi wannan hanya don marayun ƙasar. Daga baya tsarin ya bazu zuwa ƙasashe matalauta, har Plan ta fara aiki a Nijar a 1998. Musulmi ma suna da nasu: Direct Aid ta Kuwait, da aka kafa a 1981, da Islamic Relief ta birnin Birmingham, da aka kafa a 1984, sun shahara da ɗaukar nauyin marayu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a manyan ƙungiyoyi irin su Plan da World Vision kuɗin ba ya shiga hannun uban yaro. Ana tara shi ne a asusu guda, a gina rijiya ko ajin lakwal, a gyara gidan likita, a horar da ungozoma. Yaron da ke cikin hoto wakilin garinsu ne. Akwai hujja mai ƙarfi a nan: idan aka ba gida ɗaya jika 20 kowane wata a ƙauyen da kowa ke fama da rumbu, an shuka hassada tsakanin maƙwabta, kuma rijiya ta fi kyautar wata-wata daɗewa. Matsalar tana tasowa ne idan ba a bayyana wa iyaye haka ba. Uban da aka ɗauki hoton ɗiyarsa, aka ce wani Bature ya riƙe ta, ya shekara bai ga ko dala ba, dole ya zargi ma'aikacin ƙungiya ko mai gari da cin amana, ko da babu wanda ya taɓa sisi.

Suka ba ta fara yau ba. A 1982 mujallar New Internationalist ta Ingila ta keɓe fitowa guda tana roƙon masu karatunta su daina irin wannan riƙo, bisa dalilin cewa hotuna da fassarar wasiƙu na cinye kuɗi, kuma tsarin na koya wa yaro miƙa hannu. A 1998 ƴan jaridar Chicago Tribune ta Amurka, bayan sun ɗauki nauyin wasu yara, suka bi sawu har ƙauyukan. A Mali suka tarar yarinyar da ake biya dominta ta daɗe da rasuwa, kuɗi na ta shiga, ba wanda ya sanar da mai riƙon.

Duk da haka, adalci ya wajabta a faɗi ɗayan gefen. A 2013 masanin tattalin arziki Bruce Wydick da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a ƙasashe 6, cikinsu har da Kenya da Yuganda, kan manyan da ƙungiyar Compassion ta riƙe suna yara. Sun gano cewa sun fi takwarorinsu daɗewa a makaranta da fiye da shekara 1, kuma sun fi samun aikin albashi. Sai dai tsarin Compassion na kashe kuɗin kan yaron kai tsaye, ta hannun majami'un yankin, don haka ba za a yafa wa kowace ƙungiya rigar wannan sakamako ba.

Me ya rage ga masu sauraro? Ɗan kasuwa ba ya sakin kaya sai ya ga lissafi, ma'aikacin gwamnati kuma ba ya sa hannu kan takardar da bai karanta ba. Wannan ɗabi'a ake bukata idan ƙungiya ta sauka a gari da na'urar ɗaukar hoto. Magajin gari da hakimi su tambaya: yara nawa aka rubuta, nawa ake karɓa da sunansu a shekara, nawa ke sauka a garin, wane aiki za a yi da shi, yaushe za a gama? A karanta wa iyaye amsar da Hausa a bainar jama'a kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, kuma uban da ya ƙi kada a hana ɗiyansa ruwan rijiyar.

Wanda ke biya daga Turai ya cire daga guminsa da kyakkyawar niyya, iyayen yaro kuma sun ba da fuskar ɗansu. Dukansu biyu suna da haƙƙin sanin inda kuɗin ya sauka. Allah ya raya zuri'a, ya ba shugabanni ikon riƙe amana.