Canji a Kasuwar Creek Road

A kasuwar Creek Road ta Fatakwal, kusa da masu busasshen kifi, Bahaushe mai albasa kan ƙulla kaya a leda, ya laluba aljihu, ya ce, "Madam, babu canji."

Daga Turanci Hausa ta aro kalmar canji, ta kuma ɗora mata aiki da yawa. Ragowar kuɗin ciniki canji ne, mai musayar dala kuma ɗan canji. A zaɓen 2015 da ita jam'iyyar APC ta yi kamfe. Farkon 2023 kuwa, da takardun naira suka yi ƙaranci, "canjin kuɗi" ya zama sunan wahala.

Kalmomin sauyi da musanya suna nan daram, amma a bakin ɗan kasuwa canji ta fi su karɓuwa.