Inji Mai Ido: Jawabi Ga Manoman Auduga

Ku kasa kunne, maganar nan ta kuɗinku ce.

A zamanin da, malamin kasuwa ke duba auduga da idonsa da hannunsa, ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu. Yau kuwa injuna sun shiga aikin. Tun shekarar 1991 inji ke gwada audugar ƙasar Amurka, ya auna tsawonta da ƙarfinta da haskenta da yawan dattin da ke ciki.

A manyan masaƙu kuma akwai wani inji mai ido. Kamfanin Uster na ƙasar Suwizalan yana ƙera shi, haka Trützschler na Jamus. Ga yadda yake aiki. Iska tana kora auduga ta cikin bututu. Fitilu suna haska ta, kamara tana ɗaukar hotonta, ƙaramar kwamfuta tana rarrabe auduga da abin da ba auduga ba. Da ta ga tsumma, ko gashin kaza, ko igiya, sai ta hura iska ta fitar da shi. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

To, babban abokin gabanmu shi ne buhun leda, irin na taki. Zarensa fari ne kamar auduga. Injin gurza a Funtuwa ko Gusau ba ya tsince shi, sai dai ya yayyaga shi ƙanana. In ya shiga yadi ba ya kama rini, sai fari-fari ya fito a jikin atamfa. Saboda haka aka ƙara wa injin wasu fitilu na musamman don ya gane leda. Abin da ya fitar asara ce ga mai masaƙa, shi kuwa yakan tuna ƙasar da dilar ta fito. Sai ya rage kuɗi, ragin kuma ya gangaro har kanku.

Ga abin da za ku yi:

1. Ku tsinci auduga cikin buhun yadi ko kwando. Kada ku sa ta a buhun taki.
2. Ku bari raɓa ta bushe kafin ku shiga gona.
3. Ku ware fara dabam, mai tabo dabam.
4. Ku shanya a kan tabarma, nesa da kaji.
5. Ku ɗinke buhu da zaren auduga, ban da igiyar leda.

Rigakafi ya fi magani. Wanda bai gane ba ya tambayi malamin gona na garinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.