Addar Maƙerin Gida da Aikin Sassabe: Inda Gyara Yake



Kafin ruwan farko ya sauka, manomi ya riga ya shiga gona da adda. Da ita ake sassabe, da ita ake sare kututturen sabara da kalgo da suka sake tofowa, da ita ake datse ƙayar da za a yi shinge. Abin da wannan takarda ke son tabbatarwa shi ne, addar da maƙerinmu ke ƙerawa za ta iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da ta kamfani, muddin aka gyara mataki guda a aikinta, wato yadda ake ba ƙarfe ruwa.

Ƙira ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Binciken masu haƙar kayan tarihi ya nuna ana narkar da tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma sarautar Sarkin Maƙera tana nan a masarautunmu har yau. Abin da ya sauya shi ne ƙarfen. An daina narka tama, aka koma ga tsofaffin ƙarafa, kuma wanda maƙeran adda suka fi so shi ne sifirin na tsohuwar mota. Zaɓin nasu daidai ne, domin an yi wannan ƙarfe ne don ya lanƙwasa ya dawo, kuma yana da sinadarin kabon kimanin kashi 0.6 cikin ɗari, gwargwadon da ake bukata ga makamin sara. Maƙeri zai tura shi cikin gawayin ƙirya, yaro na zuga, har ya yi ja wur. Sai ya ɗauko shi da awartaki ya aza bisa uwar maƙera, ya yi ta bugu da masaba yana miƙar da shi, yana barin nauyi a wajen baki don sara ya shiga itace da kansa. Wannan sashe na aikin babu abin da za a koya masa.

Matsalar tana zuwa ne a ƙarshe. Ƙarfe irin wannan yana yin tauri idan aka kai shi zafin kimanin digiri 800 aka tsoma shi nan take. Idan zafin bai kai ba, addar za ta fito da laushi, bakinta na naɗewa, manomi ya yini yana wasawa a dutse. Idan aka tsoma ta a ruwan sanyi aka tsaya nan, za ta yi tauri kamar tangaran, ta ɓalle a kututture na farko. Maganin duka biyun ba shi da tsada. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770, saboda haka guntun maganaɗisu daga tsohuwar lasifika ya isa ya gaya wa maƙeri lokaci ya kusa. Tsomawa a mai ta fi ta ruwa rage tsagewa. Bayan haka sai a goge bakin ya yi haske, a sake ɗumama shi sannu a hankali, ana kallon launinsa yana tashi daga ruwan ƙasa zuwa shuɗi, sannan a cire. Maƙeran da suka gaji wannan sani addarsu ba ta kwana a kasuwa. Saura kuwa suna tsallake shi saboda gaggawar cika dami kafin ranar kasuwa.

Za a ce ai addar kamfani, irin mai tambarin kada da ta samo asali daga Ingila, kowace ɗaya daidai take da 'yar'uwarta. Gaskiya ne, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake sayenta. Amma farashinta yana bin canjin dala, kuma idan ƙotarta ta tsage ko bakinta ya cinye, wurin maƙerin ƙauye ake kai ta. Shi ne kuma kaɗai zai auna tsawonta da nauyinta bisa ƙarfin hannun mai ita, ya yi wa tsoho marar nauyi, ya yi wa mai shiga kurmi mai kauri.

Ƙorafin da ya fi nauyi a ganina shi ne na gawayi. Ƙirya tana ƙarewa a dazuzzukanmu, kuma maƙera suna da hannu a ciki, ko da yake abin da girki ke ci ya ninka nasu nesa ba kusa ba. Sai dai addar da ta yi shekara uku ana aiki da ita ta fi sauƙi ga daji a kan uku da aka ƙera suka karye a damina guda. Masu cewa tarakta ta kori adda kuwa, su tuna tarakta ba ta shiga gonar da ba a sare kututturenta ba.

Saboda haka ina kira ga hukumomin bunƙasa aikin gona na jihohi da kwalejojin fasaha, su bi ta hannun Sarakunan Maƙera, su shirya horo na 'yan kwanaki a cikin maƙeru, inda dattawan da suka iya ba da ruwa za su koya wa matasa. A kuma sa kowane maƙeri ya riƙa buga alamarsa a jikin adda, don manomi ya san wurin wanda zai koma.